Magen Hajiya da Ƙirjin Abba

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana. Ina da yaro ɗan shekara 6, Abba muke ce masa, mai sunan kakansa ne. Wata takwas ke nan da muka taso daga gidan haya muka dawo gidan su maigidana, sashenmu na jikin na Hajiya, mahaifiyarsa. Hajiya tana da kyanwoyi biyu da muzuru ɗaya, a ɗakinta suke kwana, har kan gado. Abba kuwa ɗan ɗakinta ne, can yake wuni, wani lokaci can yake kwana. Tun da muka dawo yaron nan bai rabu da atishawa da majina ba, idanunsa su yi ja ya yi ta murza su. Ran da kyanwa ta lashe shi a hannu wurin ya yi rudu-rudu. Yanzu abin ya kai da dare yana tari, ƙirjinsa na wani irin kuka kamar fito. Da muka je gidanmu hutun Sallah, sati biyu, ko atishawa bai yi ba. Piriton nake saya masa a kemis, har malaminsu ya aiko cewa yana barci a aji. Na yi wa babansa magana ya ce in yi haƙuri, shi ba zai iya tunkarar Hajiya da wannan ba. Da na ɗan taɓa zancen, Hajiya ta ce mura ce kawai, mage tsarkakakkiya ce, ita da ta raini 'ya'ya tara da mage a ɗaki. Wata maƙwabciya ta ce in zuba musu shinkafar ɓera a abinci in huta. Anti, yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam Maman Abba. Allah Ya ba yaro lafiya.

Bari in fara sallamar maƙwabciyar taki. Kada ki kuskura. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wata mata ta shiga wuta a kan kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. To ina ga wadda ta zuba guba da hannunta? Ban da wannan, gidan da yara ke yawo ba a ajiye shinkafar ɓera a cikin kwano a tsakar gida. Kuma ran da Hajiya ta tashi ta ga kyanwoyinta uku a sheme, ba sai an yi bincike ba, kowa ya san wa ya taɓa ƙorafi a kansu. Daga ranar ke da zaman lafiya a gidan nan sai dai labari, ita kuwa mai ba ki shawarar tana gidanta tana jiyo hayaniyar ta kan katanga.

Sai maganar Hajiya. Gaskiya ta faɗa, mage ba najasa ba ce, Annabi (SAW) ya ce tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, har ana alwala da ragowar ruwan da ta sha. Kada ki yi musu da ita a nan, domin za ki faɗi. Sai dai tsarki daban, abin da jiki ke iya ɗauka daban. Gyaɗa halal ce, ƙwai halal ne, amma kin san akwai wanda in ya ci sai jikinsa ya feso da borin jini. Ba wanda ya taɓa cewa ƙwan ne ya zama najasa. Jikin mutumin ne ba ya shiri da shi. Wannan shi ake kira alaji, kuma duk abin da kika zayyana min ya yi kama da shi ƙwarai.

Mutane sun fi ɗora laifin a kan gashi, har ana cewa yaro ya haɗiyi gashin mage shi ya sa yake tari. Gashin ɗan aike ne kawai. Ainihin abin wani sinadari ne da ke cikin yawun kyanwa da maiƙon fatarta, masana suna kiransa Fel d 1. Kin ga yadda mage ke zama ta yi ta lasar jikinta? A nan take shafe kanta da shi. Idan ya bushe sai ya tashi a iska tare da ɗan garin fata, ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani, ya daɗe yana shawagi a ɗaki, ya manne a katifa, da labule, da darduma, da bango, da tufafi. Zanen Hajiya ma yana ɗauke da shi. Shi ya sa ake samunsa har a makarantu da gidajen da ba a taɓa kiwon mage ba, a jikin kayan mutane yake zuwa. Yawancin mutane suna shaƙarsa ba abin da zai same su. Garkuwar jikin Abba ce ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba, da ya shiga hanci ko ido sai ta saki wani sinadari mai suna histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi da atishawa da zubar majina. Ba cuta ce da ake ɗauka ba, ba ƙazantar kowa ba ce. Tana bin jini, amma ba kowane ɗa take kamawa ba, don haka 'ya'yan Hajiya tara su tashi lafiya, jikanta ɗaya ya zo da ita, babu abin mamaki. Ki ɗan bincika, da wuya a rasa mai asma ko borin jini ko ƙaiƙayin fata a danginki ko nasu.

Akwai wani abu da zai taimaka miki ki fahimci dalilin da ya sa Hajiya take ganin kin cika zuzutawa. Alaji yakan zo hawa biyu. Na farko cikin 'yan mintoci, atishawa da jan ido, abin da kowa zai kira mura. Na biyu sai bayan wasu awanni, lokacin da kumburi ya taru a hanyoyin numfashi. Wato Hajiya tana ganin mai sauƙin da rana, ke kuma kina kwana da mai wuyar. Ba taurin kai take yi ba, ba ta ga abin da kike gani ba ne.

To a nan nake so ki tsaya, domin duk wasiƙarki layi ɗaya ne ya hana ni sukuni: tarin dare da kukan ƙirji. Atishawa da jan ido wahala ce, ana iya lallaɓawa. Amma in abu ya sauka ƙirji, ana maganar asma ke nan, ita kuwa ba a yi mata kawaici. Ban ce Abba yana da asma ba, ba a gane ta ta wasiƙa. Cewa na yi a cikin satin nan, ba bayan an yi albashi ba, ki kai shi wurin likitan yara. Kafin ranar, in ya fara tarin nan da dare, ki ɗauki wayarki ki naɗi muryar numfashinsa, in da haske ki ɗauki bidiyon ƙirjinsa ba riga. Sau da yawa yaro yakan isa asibiti da safe garau, likita ya saurari ƙirji ya ji shiru, uwa ta dawo kamar mai ƙarya. Ki kuma riƙe ɗan littafi: ran kaza ya wuni ɗakin Hajiya, da dare ya yi tari, ran kaza bai shiga ba, ya yi barci. Likita zai ji daɗin wannan littafin fiye da dogon bayani.

Dalilin littafin shi ne ban so mu yanke wa mage hukunci ita kaɗai alhali tana da abokan laifi. Samun sauƙin da ya yi a gidanku hujja ce mai ƙarfi, tashin fatarsa a inda aka lashe shi ya fi ta ƙarfi. Sai dai tsohon gida yana tara abubuwa: ƙananan ƙwarin ƙura da ke zaune cikin tsohuwar katifa da kafet, kyankyasai, ɓeraye, danshin bango. Ga hayaƙin itace, ga maganin sauro na kunnawa, ga hazon hunturu in lokacinsa ya zo. Ga kuma wanda mu mata ba mu son a ambata, turaren wuta. Na san ɗaki ba turare kamar miya ba gishiri ne, amma yaro mai kukan ƙirji ba a rufe shi a ɗaki da kasko. Ki turara kayanki a waje, lokacin da yake makaranta. Akwai gwajin da ke bambance waɗannan: a ɗiga ɗan ruwan kowane abu a fatar hannu, a ɗan tsikara, cikin minti 15 zuwa 20 wanda jiki ba ya so sai wurin ya tashi kamar cizon sauro. Akwai kuma na jini. Ba kowane asibiti ke yi ba, ki tambaya a sashen yara ko sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa da ku. In za a yi na fata, za a ce ki dakatar da Piriton da danginsa na wasu kwanaki tukuna, don suna ɓoye sakamakon.

Shi Piriton ɗin ba ƙarya yake yi ba, yana kwantar da atishawa da ƙaiƙayi. Tsohon magani ne mai sa barci, malamin Abba ya riga ya ba ki shaida. Akwai na baya-bayan nan irin su setirizin da loratadin waɗanda ba su cika sa barci ba, likita zai auna masa daidai shekarunsa. In hanci ya ƙi buɗewa akwai maganin fesawa a hanci da ake yi kullum, wanda sai ya ɗauki kwanaki kafin a ga aikinsa, kada ki yar da shi a kwana na biyu ki ce na banza ne. Amma ki riƙe wannan: duk cikinsu babu mai buɗe ƙirji. Yaron da numfashinsa ke fito, ki ba shi Piriton ya yi barci, kin rufe masa baki ne kawai, ciwon na nan.

Abin buɗe ƙirji shi ne inhela, irin shuɗiyar nan ta salbutamol da aka fi sani da Ventolin. Na san abin da za a ce miki a gida: kada a fara masa, wanda ya fara ba ya dainawa. Ba gaskiya ba ne. Inhela ba ta sa jaraba, kuma maganin da ke cikinta ya fi na sha ƙanƙanta domin kai tsaye yake zuwa huhu. Yaro kamar Abba ba ya iya daidaita fesawa da jan numfashi, don haka ana haɗa masa da wani ɗan bututu da ke tara maganin ya shaƙa a hankali. In ba a samu na kanti ba, likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada robar lemo ta rabin lita da aka huda gindinta aka sa bakin inhelar, suka ga tana aiki kamar na kanti. Ki sa ma'aikaciyar jinya ta nuna miki yadda ake yi, ki yi a gabanta ta gani. In kuma ya zama yana buƙatar shuɗiyar fiye da sau biyu a sati, akwai wata ta daban da ake shaƙa kullum don hana tashin ciwon, ita ma likita ne zai rubuta.

Abubuwa uku kada ki karɓa daga kemis ba da takardar likita ba, ko da mai shagon ya rantse. Ƙwayoyin deksametason ko firednisolon, dangin waɗanda 'yan mata ke sha don ƙiba: suna kwantar da alaji kamar yankan wuƙa, shi ya sa ake son su, amma in aka daɗe ana ba yaro suna kumbura fuska, su raunana garkuwar jiki, su tauye girma. Maganin ɗigawa a ido mai irin wannan sinadari, wanda ke iya hawar da ƙarfin ruwan ido har a rasa gani ba a ankara ba. Da maganin ɗigawa a hanci mai buɗe shi nan take, wanda in ya wuce 'yan kwanaki sai hancin ya ƙara toshewa fiye da da. Don ido, tsumma mai tsabta da ruwan sanyi yana rage ƙaiƙayi. Don hanci, ruwan gishirin da ake sayarwa na ɗigawa ba ya cutarwa.

Idan wata rana kika ga yana numfashi da sauri, fatar tsakanin haƙarƙarinsa ko ramin wuyansa na lotsawa, ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, ko cikin leɓensa da harshensa sun yi toka-toka, ko fuska da leɓe sun kumbura, to babu jiran gari ya waye, babu jiran babansa ya dawo. Ki zaunar da shi, kada ki kwantar, ki ba shi shuɗiyar inhela in kina da ita, ku kama hanyar asibiti.

Yanzu gida. Abin da za ki iya yi yau ba tare da izinin kowa ba shi ne ɗakin kwanansa. Yaro yana yin awa tara ko goma a wurin barci, in wannan ɗakin ya tsira an rage rabin wahala. Kyanwa kada ta shiga sashenki ko da wasa, ƙofa a rufe, taga da raga. Kwana a ɗakin Hajiya ya tsaya daga yau, wannan kam ba na sassautawa. Ki naɗe kafet in akwai, ki bar siminti ko leda. Tsintsiya a busasshen ɗaki tayar da abin take yi sama, gara ki goge da jiƙaƙƙen tsumma, kuma ba yana ciki ba. Zanin gado a wanke duk sati da ruwan zafi, katifa da filo su sha rana. In ya dawo daga wurin kakarsa, ya wanke hannu da fuska, ya sauya riga kafin ya hau gado. Hira da Hajiya a mayar da ita tsakar gida ko rumfa, inda iska ke wucewa.

Za a ba ki dabaru iri-iri don kyanwoyin su zauna. Wanka yana rage sinadarin, amma cikin 'yan kwanaki ya dawo, kuma duk wanda ya taɓa yi wa mage wanka ya san ba aikin kowane sati ba ne. Aske gashi ba ya magani tunda ba gashin ne tushe ba. Muzurun da ba a fiɗiye ba ya fi mace fitar da shi, fiɗiya a asibitin dabbobi tana ragewa, ba ta kawarwa. Babu irin kyanwar da ba ta da shi sam, kowane launi, kowane tsawon gashi. A ƙasashen Turawa har abincin kyanwa na musamman ake sayarwa wanda aka ce yana rage shi kusan rabi, sai dai magen da ke cin kan kifi da ragowar tuwo ba da ita ake wannan zance ba.

Ra'ayina ke nan, ba ɓoye-ɓoye. In likita ya ce abin ya tsaya a hanci da ido, raba wuri da magani sun isa, Hajiya ta riƙe kyanwoyinta a sashenta. In ya tabbatar da asma kuma gwaji ya nuna mage, to ɗayan biyu: ko kyanwoyin su bar ɗakuna su koma wani gida, ko Abba ya daina shiga ɗakin kakarsa. Na san wanda Hajiya za ta zaɓa in an bar ta ta zaɓa da kanta.

Sai dai ba ke za ki kai mata zaɓin ba. Ke suruka ce, wata takwas kacal da shigowarki, duk abin da kika faɗa a kan kyanwa kunnenta zai ji shi kamar kina cewa ɗakinta ba shi da tsabta. Wannan aikin ɗanta ne. Maigidanki ya zama kyanwar Lami a wannan magana, ba cizo ba yaƙushi, kuma ban zarge shi sosai ba, domin na fi zaton yana barci lokacin da kike zaune riƙe da yaro. Daren da tarin ya tashi, ki tashe shi. Kada ki yi masa bayani, ki sa kunnensa a bayan yaron ya ji da kansa. Sannan ku je asibitin tare. In da hali ku roƙi Hajiya ta raka ku, a ce mata ita ta fi sanin yaron tunda a wurinta yake wuni. Wannan girmamawa ce, kuma gaskiya ce. Abin da ta ƙi ji daga bakinki za ta ji shi daga bakin likita, ta dawo gida tana ba mutane labari kamar ita ta gano ciwon. Ki bar mata wannan, ba ki rasa komai ba. In akwai gwaggon Abba da kuke shiri, ki jawo ta. 'Ya mace tana iya shiga ɗakin uwarta ta ce, "Hajiya, kin tara wa mijin naki abokan takara har sun hana shi numfashi," a yi dariya, magana ta shiga.

Ki kuma tausaya mata. Tsohuwar da 'ya'yanta suka watse gidajensu, waɗannan dabbobin su ne masu motsi a ɗakinta da dare. In za su tafi, a nema musu gidan da ta sani, wurin wata 'yarta ko ƙawarta, ta riƙa jin labarinsu. Ba a ɗaure su a buhu a jefar bayan gari, zalunci ne, kuma sau da yawa sukan dawo. Ku kuma yi shirin ɓeraye tun kafin su ji labari: a toshe ramuka, hatsi a cikin mazubi mai murfi, tarko maimakon guba. Ɓera shi ma yana tayar da alaji, ga zazzaɓin Lassa da wani nau'insa ke yaɗawa, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Abu ɗaya da nake so ki gaya wa babansa tun yanzu, don kada a juya miki magana daga baya: ko yau aka fitar da kyanwoyin, Abba ba zai warke gobe ba. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1989 ya auna ƙurar gidajen da aka fitar da kyanwa, sai da aka yi sati 20 zuwa 24 kafin sinadarin ya sauko daidai da na gidan da ba mage, wasu gidajen ma har lokacin bai sauko ba. Inda aka cire kafet aka wanke ko'ina ya fi saurin sauka. Don haka in bayan sati biyu aka ce, "To ga shi an kori bayin Allah, yaro bai daina atishawa ba," kin riga kin faɗa. Katifar Hajiya da dardumarta da labulenta duk sai sun sha wanki da rana, tsohuwar katifar ma in da hali a sauya, wannan kuma kyauta ce mai kyau daga ɗa zuwa uwa.

Shi kuma Abba, ɗan shekara 6 yana gane magana. Kada a ce masa mage muguwa ce, kada kuma ya ji ana cewa saboda shi aka raba kakarsa da dabbobinta. Ki ce masa jikinsa ne ba ya son yawunta, kamar yadda wani ba ya shan madara. Ki koya masa kada ya rungume ta, kada ya kai hannu ido bayan ya taɓa ta, in ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ya faɗa wa babba nan take ko a gidan wa yake. Ki sanar da malamansa na boko da na islamiyya, in an rubuta masa inhela ɗaya ta zauna a jakarsa da sunansa a jiki.

Ki rubuto min bayan kun ga likita, ki faɗa min abin da ya ce game da ƙirjin.